Tukunyar da Aka Kife

Sau biyu ya ƙirga, kamar ƙirgen ne zai dawo da ita. Jiya da yamma tukwanen gas uku ya kife da hannunsa a bayan shago, jikin katanga. Yanzu biyu ne. A gurbin ta ukun babu komai sai zagayen tsatsa a kan siminti, da sawun jan abu mai nauyi da ya nufi ƙofar baya.

Injiniya ake ce masa a layin, ko da yake bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan shi ne mai gwada duk abin da ya shigo shagon yayansa, shagon kayan gida na hannu: firji, fanka, dutsen guga, tukunyar gas. Tukunya kuwa ita ya fi ba wa lokaci. Sai ya ƙwanƙwasa gindinta da sifana ya saurara, ya ɗura mata iska da inji, sannan ya bi duk wani ɗinkin walda da ruwan sabulu. Wadda ta yi shiru, ta tafi gaban shago a tsaye a sa mata kuɗi. Wadda ta fitar da kumfa, ya kai ta baya ya kife ta, kai a ƙasa, har ranar da mai sayen ƙarafa zai zo. Babu alli, babu rubutu. Kowa a shagon ya san ma'anar tukunya a kife, kuma kowan nan mutum biyu ne, shi da Yaya.

Wadda ta ɓata ita ce shuɗiyar, wadda ta fi sauran kyau a ido. Can inda ta fito, wani mara tsoron Allah ya cike ruɓaɓɓen gindinta da irin farin ƙullun nan da masu gyaran jikin mota ke shafe lotsawa da shi, ya goge sumul, ya fesa fenti. Da Injiniya ya buga ta jiya ba ta amsa da ƙarar ƙarfe ba, sai wani dum kamar an bugi katifa. Da ya sa sabulu kuwa, kumfa ta riƙa fitowa ta ƙarƙashin fentin a wuri uku. Ya so ya cire mata kai a take don kada ta sake moruwa, magariba ta yi, ya ce sai da safe. Da safen kuma ya raka matarsa awo asibiti, layi ya riƙe su har bayan sha biyu.

Ya shiga ciki ya tarar da Yaya yana fama da wani mutum a kan dutsen guga. Mutumin yana juya shi a hannu yana cewa ai in ya ƙara kaɗan a kan wannan kuɗin sabo zai saya a kwalinsa, Yaya kuma yana ce masa hanyar masu sabon ba a rufe take ba. Wannan shi ne karin kumallon shagon da abincin ranarsa tun bara. Mutane suna shigowa da farashin shekara biyar baya a kansu, su ji na yau, su tsaya suna duban kayan kamar an zage su. Ba su san yanzu ba mai rabuwa da tsohon firjinsa sai ya mutu murus ba. Ba su san waɗanda a da ba sa ko kallon gwanjo sun sauko sun shiga sahu ba, ga kuma masu ɗaukar hoto da waya, da ke kwashe na kirkin tun kafin a sauke su daga mota su je su sayar a intanet. In ma sun sani, ba ruwansu. Abu ne dai wani ya riga ya yi amfani da shi, don haka kamata ya yi a ba su shi kusan kyauta, a haɗa musu da godiya.

Mutumin ya dire dutsen gugar ya fita yana tsaki.

"Yaya, ina shuɗiyar nan ta baya?"

Yaya ya ɗauki dutsen gugar ya shiga naɗe masa igiya a hankali. Ya ce an saya.

"Mai ƙarafa ya zo?"

Bai zo ba. Maman 'yan biyu ce, matar nan mai baki da ta yi mako uku tana zarya a kan tukunya. Kullum sai ta zo ta ɗaga ta gaban, ta tambayi kuɗin da ta riga ta sani, ta taya abin da ko rabi bai kai ba, a ce mata albarka, ta tsaya a bakin ƙofa ta sanar da layi cewa masu shagon nan ba su da imani. Yau da safe, Yaya yana ciniki da wasu, ta sulale ta zagaya baya, don a wurinta duk mai shago yana da na araha a ɓoye da yake ajiye wa 'yan'uwansa. Ta ga shuɗiyar, ta tayar da ita tsaye, ta jawo ta ciki, ta zazzage abin da ke jakarta a kan tebur. Yaya ya sallama.

"Ka gaya mata?"

"Na ce mata ta baya ce, ba a dawowa da ita."

"Ka ce mata tana yoyo?"

"Ba ta tambaya ba." Ya ajiye dutsen gugar, ya gyara masa zama, ya sake gyarawa. "Araha suke nema, Injiniya. Shekara guda ina shan zagi a shagon nan. Ka san yaushe rabon da wani ya fita ƙofar nan yana sa mini albarka? Matar nan har 'ya'yana ta yi wa addu'a."

Ya ƙara da cewa ai ɗan yoyo ne, wace tukunya ce a garin nan ba ta ɗan yoyo, in ta ji wari za ta fitar da ita waje. Yana faɗa yana kallon titi. Yaya ba mugu ba ne; shi ya riƙe Injiniya tun rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure. Gajiya ce ta yi masa yawa, kuma a safiyar nan ya zaɓi kada ya sani. Injiniya ya ji haushinsa har wuya, amma tsoro ya fi haushin yawa. Iskar inji wasa ce. In aka cika tukunyar nan da gas, ga zafin ranar nan, ƙullun ba zai daɗe yana riƙewa ba.

Shagon ba ya rubuta rasit, balle lambar waya. Ya fita.

Mai sayar da labule ta tsallaken layi ce ta fara tare shi, tana murmushi. Ta ce yau dai sun yi abin kirki, ashe suna da zuciya. Matar ta bi shago-shago tana nuna tukunyar, kuma ita ma in akwai sauran irinta a ajiye mata ɗaya. Gidan matar kam ba ta sani ba, amma ta ga ta hau babur a gindin bishiyar ƙarshen layi. A gindin bishiyar aka ce wanda ya ɗauke ta ya kai fasinja, a jira.

Ga inuwa ga benci, ya kasa zama. Abin da ke ta dawo masa shi ne wata tukunya da ya taɓa gani a cikin kayan mai sayen ƙarafa shekarun baya, baƙa ƙirin, ta tsage tun daga gindi har wuya ta buɗe kamar ɓawon ayaba. Ya tambayi inda ta fito, mai ƙarafa ya ce daga wani ɗaki, kuma ita kaɗai aka iya ganewa a cikin abin da aka kwaso. Tun ranar ya fara kife tukwane. Minti arba'in ya yi yana duba agogon wayarsa kafin mai babur ɗin ya dawo, ya cire hular kwano, ya yi ɗan tunani, ya ce mai shuɗiyar tukunya? Wurin mai gas na bayan gidan mai ya sauke ta.

Abin da yake gudu ke nan. Ya haye bayan babur ɗin ba tare da ya tambayi kuɗi ba.

Mai gas yana zaune a rumfarsa, ƙafa ɗaya a kan sikeli. Ya tuna ta sarai: wajen ƙarfe sha ɗaya ta zo, ta sa aka cika ta taf, ta kafa wa sikelin ido don kada a rage mata ko ɗigo. Injiniya ya tambaye shi ko ya duba gindin. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce su kai suke dubawa, kai kuma lafiyarsa ƙalau, ga fenti sabo fil. In kowace tukunya sai ya kwanta ya leƙa ƙarƙashinta, yaushe zai yi ciniki? Da ya ji bayanin sai ya sauke ƙafarsa daga sikelin, ya ce shi dai ba ruwansa, ba shi ya sayar ba. Ya nuna masa wata mai gawayi a gefen hanya, ya ce ita ta santa.

Mai gawayi ta santa har ɗaki. Ta ce shekara huɗu tana saye a wurinta, yau ta zo ta yi mata ban kwana har da 'yar rawa. Ɗaya daga cikin 'yan biyun ce ke da ciwon ƙirji, sau uku ana kwantar da ita a asibiti bana, likita ya ce in ba a raba ta da hayaƙi ba to a zauna cikin shirin dawowa. Mijin direban babbar mota ne, sai ya yi wata bai kwana gida ba. Ta kwatanta masa: layi na huɗu, gidan haya mai jar ƙofa, ɗakin ƙarshe.

La'asar ta wuce sa'ad da ya tura jar ƙofar. Dogon tsakar gida ne, ɗakuna biyar suna kallon biyar, igiyoyin shanya a tsakani, famfo ɗaya a tsakiya yana ɗiga. Maman 'yan biyu tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno a ƙofar ɗakin ƙarshe tana yanka albasa, ga shinkafa an wanke a roba, ga kwalin ashana a gefen ƙafarta. Ya yi sallama, idonsa ya wuce ta kan kafaɗarta ya shiga ɗakin. Taga ɗaya ce, an rufe ta an cusa tsumma a gefunanta don kada hayaƙin maƙwabta ya shigo. Tukunyar tana kusurwa, an ɗaura mata sabon kan girki, an goge ta tana ƙyalli. Taku biyu daga nan katifa ce a ƙasa, yara mata biyu a kwance da kayan makaranta, ɗaya tana barci, numfashinta yana fita da ɗan fito. Gas ba ya tashi sama. Ƙasa yake bi ya kwanta kamar ruwa, daidai inda fuskokinsu suke.

Ta gane shi. Fara'ar da ta ɗago da ita ta koma.

Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi bayani dalla-dalla: yadda yake gwaji, abin da kifewa take nufi, ƙullun da ke ƙarƙashin fentin. Ya ce kuskure aka yi, laifinsu ne, ya zo ya karɓe ta ne tun ba a kunna ba. Ta saurare shi har ƙarshe, wuƙar tana hannunta.

"Shi ya aiko ka?"

"Ba wanda ya aiko ni, Hajiya."

"To, tun a hanya na ce a raina sai kun biyo ni." Ta ɗan ɗaga murya, don dai a ji. "Ku fito ku ga ikon Allah. Masu gwanjo sun biyo kayansu."

Labule ya ɗaga nan da can. Mata uku suka fito, sai wani dattijo na ɗakin farko da rediyo a hannu. Ta ba su labari tiryan-tiryan, kuma a bakinta labarin ya zauna daram: sun ɓoye mai kyau a baya, ta gano, babban ya sayar cikin ruɗani, ƙaramin ya dawo ya ga an tafka asara, shi ne aka ƙirƙiro yoyo. Ba wanda ya yi mamaki. Duk mai shiga gwanjo ya san wannan labarin, ko bai faru da shi ba ya faru da ƙanwar maƙwabciyarsa: wadda ta sayi jaka a banza ashe ta manyan masu kuɗi ce, wanda ya tsinci agogon zinari a cikin tarkace har mai shago ya bi shi gida yana magiya. Don irin wannan ranar ake jure tonon kaya da baƙar maganar masu shi. In mai shago ya biyo ka, ai ka san ka yi garaɓasa.

Da ƙyar ya samu ta yarda a fito da tukunyar tsakar gida ya nuna musu. Ita ta ɗauko da kanta, ba ta bari ya taka ɗakin ba. Dattijon ya ƙwanƙwasa cikinta da zobensa, ta amsa ƙal, ya gyaɗa kai ya ce ƙarfen da ne wannan, na yanzu duk gwangwani ne. Injiniya ya ce ba ciki ba, Baba, gindi. Ya roƙi ruwa da garin sabulu, ya kaɗa a roba, ya ɗan kishingiɗa tukunyar a gwiwarsa, ya shafa a ƙarƙashi. Kowa ya sunkuyo. Ruwan ya zauna shiru na ɗan lokaci, sannan wata 'yar kumfa ta kumbura a gefen ɗinkin kamar idon kifi, ta fashe, wata ta biyo.

"Ga shi nan. Kun gani?"

"Sabulu ne fa, Injiniya," in ji ta. "Aikinsa ke nan, kumfa."

Matan suka yi dariya. Ya ce su shinshina. Dattijon ya sunkuya ya ja hanci, ya ce duk tukunyar da aka cika yau haka take wari. Ita kuwa hannunta albasa, idonta albasa, ga kwatar gidan, ga hayaƙin gawayin da wata maƙwabciya ta fara hurawa a ƙofar ɗaki na uku. Injiniya ya roƙi a kashe wutar. Maƙwabciyar ta ce a kan me, mijinta yana hanya.

Ya ce zai mayar mata da kuɗinta, har da na gas, daga aljihunsa. Ta ce ta kai su ina? Ta koma shagonsu ta tsaya tana kallon ta gaban da ba za ta iya saya ba? A nan ne wasa ya bar fuskarta. Ta ce uwarta da gwanjo ta rufa wa 'ya'ya bakwai asiri, tun daga takalmin makaranta har bargon rufa. Wuri ne na talaka, inda kake shiga da ɗan abin hannunka ka fito da mutuncinka. Yanzu an ƙwace musu shi, an bar su da kallo. Mako uku tana zuwa tana zubar da girmanta a ƙofar shagonsu, yarinya tana tari har ta shiɗe, ba wanda ya biyo ta gida ya ce ya mai jiki.

"Sau ɗaya tak na ci riba a kanku. Sau ɗaya. Shi ne har ka hau babur."

Rabin maganarta gaskiya ne, kuma kunya ta kama shi. Ya ce to a musanya mata da mai kyau, ta gaban shago, wadda ya gwada da hannunsa. Ta dube shi ta gefen ido, ta ce shi ma'aikaci ne ko mai shago? In da gaske yake, ya kira yayan nasa, ya buɗe muryar wayar kowa ya ji.

Ya kira. Sai da wayar ta kusa katsewa Yaya ya ɗauka, ana jin hayaniyar shago a bayansa, wata mata tana rantsuwa ba za ta ƙara ko sisi ba. Injiniya ya ce ya samu matar, ga ta nan tsaye tana ji, yana so a ba ta ɗaya daga cikin na gaba a madadin wannan. Yana iya ganin Yaya a ransa, yana shafa goshi, yana tuna kuɗin da ya sayo ta gaban. Da ya san halin da ake ciki a tsakar gidan nan, wataƙila da ya faɗi wani abu dabam. Amma bakin ɗan kasuwa yana da hanyar da ya saba bi.

"To, ba laifi. Ta kawo waccan, ta yi ciko."

Injiniya ya kashe wayar, amma an riga an ji. Dattijon ya ce, "Ka ji ko," ya ƙara wa rediyonsa murya ya koma ɗaki. Ɗaya daga cikin matan ta tafa hannu ta ce ashe ciko aka zo karɓa. Maman 'yan biyu ba ta ma yi dariya ba. Ta gyaɗa kai kawai, kamar wadda aka karanta wa takardar da ta riga ta san abin da ke ciki.

Abu ɗaya ya rage masa. Ya ce akwai tasa tukunyar a gida, wadda matarsa take girki da ita, shekara shida ba ta taɓa ba su matsala ba. Zai je ya kawo mata ita kyauta, da gas ɗinta. Abin da yake roƙo kawai, ta bar wannan a waje, nesa da wuta, kada ta kunna har ya dawo. Ta tambayi inda yake zaune, ya faɗa. Hawan mota biyu ne, ga cunkoson tashi daga aiki; zuwa da dawowa awa uku ne in hanya ta yi kyau.

Ta ce ya je ya kawo, in ta gani da idonta sa yi magana. Amma yaranta tun safe ruwan shayi ne a cikinsu, ba za ta zaunar da su da yunwa tana jiran alkawarin ɗan gwanjo ba. Tukunya kuma ba ta zama a tsakar gidan haya, kowa yana shiga yana fita. A ɗaki za ta yi girkinta, ta rufe ƙofa, don hayaƙin nan ya fara yawa. Daga ciki yarinyar ta yi tari, dogo, busasshe, 'yar'uwarta ta ce Mama. Matar ta sunkuya ta ɗauki kwalin ashana, ta girgiza shi ta ji ko da saura, ta soke shi a ƙugun zaninta. Sannan ta miƙa hannu ga tukunyar.

Ya riga ta.

Ya san irin layin nan. Ya san abin da ake yi wa baƙon da ya fito daga gidan mutane da kaya a kafaɗa, mace tana ihu a bayansa. Ya taɓa gani a bakin kasuwa, ya yi kwana uku abinci ba ya wuce masa. Ba a tsayawa tambaya, kuma ko an tsaya, shaidun da ke tsakar gidan nan ba nasa ba ne. Duk wannan ya wuce ta kansa a daidai lokacin da yatsunsa suke kama hannun tukunyar.

"Ki yafe mini, Hajiya," ya ce. Ya ɗaga ta ya saɓa a kafaɗa.

Ta tsaya baki buɗe, hannunta a miƙe. Mamakinta ne ya ba shi taku goma. Ya sunkuya ta ƙarƙashin igiyar shanya, ya raɓa jikin bangon da ya fi nisa da murhun maƙwabciya, ya jawo ƙofar gidan da hannu ɗaya ya fita.

Sai a waje ya ji. Gindin tukunyar yana daf da kunnensa, kuma daga nan wani siririn sauti yake fita, ba ya yankewa. Ɗagawar da ya yi ta ƙara buɗe wurin. Wani sanyi mai cizo ya sauka a wuyansa ya bi cikin rigarsa. Da za su zo su kara kunne a nan, da magana ta ƙare, amma ba mai ji sai wanda ya ɗauka.

Layin ya cika, lokacin girki ne. Kusan kowace ƙofa da murhu a bakinta, mata suna fifita, mai shayi yana hura wutarsa, wani mutum yana zaune a kan benci da sigari. Can ƙarshe, inda gidaje suka ƙare, yana hango wani fili da ba kowa a cikinsa sai turakun ƙwallo. Taku ɗari biyu ne, ko fiye. Ba zai iya gudu ba, girgiza za ta ƙarasa fasa ƙullun. Ba zai iya ajiye ta a nan ba.

A bayansa ƙofar ta bugu da bango. Matar ta kira shi Injiniya, kusan roƙo. Ta sake kira. Sannan ta ja numfashi ta ce ɓarawo, da duk ƙarfinta.

Fifita ta tsaya a kowace ƙofa. Mutumin kan benci ya miƙe, sigarin yana ci a hannunsa. Injiniya ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba. Ya ɗaga hannu ɗaya yana yi wa mutumin alamar ya ja baya da wutar. Ya gyara riƙon tukunyar, ya koma tsakiyar layi inda ya fi nisa da murhunan, ya ci gaba da tafiya a hankali.